Kayan Tafiyar Inna Ni'ima

Goggo Hadijatu ta kife adakar mahaifiyarta a tsakar ɗaki, ta bubbuga bayanta da tafin hannu. Abin da ya faɗo bai wuce tsohon fasfo ba, da carbi mai tsinkakken zare, da garin katakon da gara ta ci ta bari.

"Babu," in ji ta. "Sadiƙa, babu shi."

A bayanta, kan tabarma, Inna Ni'ima na kwance an lulluɓe ta da zane har kai. Da safiyar nan ta cika, tana tsakiyar shan kunu. Kofin na nan inda aka ajiye shi, ƙuda na zagaya bakinsa. Sadiƙa ta jingina da ƙofa tana kallon kofin. Tun da aka kira ta a waya aka ce kakarta ta rasu take jiran kuka ya zo, bai zo ba. Zafin siminti kawai take ji a tafin ƙafarta.

Duk gidan an san da kayan tafiyar Inna. Haka take kiran likkafaninta. Ita ta kaɗa zaren da hannunta tun tana amarya a Bogo, masaƙin garin ya saƙa mata, ta je da shi Makka ta tsoma a ruwan Zamzam, ta dawo ta ƙulle. Jikoki sun ji labarinsa har sun gaji, amma babu wanda ya taɓa ganinsa a warware.

Baffa Aƙilu, babban ɗan Inna, ya yi gyaran murya daga waje.

"Hadijatu, me ake jira? Masu haƙa kabari sun tafi tun ɗazu."

"Yaya, ba mu ga kayan ba."

"Yadi ne ya ƙare a Garwa? Bari in aika kasuwa."

"Ta kama hannuna ta ce kada in bari a sa ta a yadin kanti. Kana wurin."

"Ina wurin. A ranar ma ta ce a kira mata Baba ya zo ya ci tuwo, mutumin da ya daɗe a ƙasa. Ana kiran azahar za mu ɗauke ta, da nata ko da na kanti."

Takunsa ya koma zaure. Goggo ta zauna daɓas kan adakar.

"Yaya yake, Goggo?" Sadiƙa ta tambaya. "Kayan."

"Fari ne mana, farin auduga, ba mai ƙyalli ba. Saƙar hannu, ƙyalle-ƙyalle masu faɗin tafin hannu aka harhaɗa. Tana sa masa jema, saiwar ciyawar nan mai ƙamshi, saboda ƙwari. A kowane baki ta ƙulla shuɗin zare don kada ya warware."

Sadiƙa ta san shuɗin zaren. Da almakashinta ta yanke ƙulle-ƙullen.

Gyaran gida ne sana'arta. Ba shara da wanke-wanke ba, kamar yadda Baffa ke faɗa wa abokansa in yana son ba su dariya. Tana shiga gidan da babu komai, ta fita ta bar shi kamar wanda ake gani a waya. Aikinta na watan jiya a unguwar Plateau ne, gidan wani Ba'indiye mai sayar da kayan gyaran moto, wato babur. Matarsa, Madam Hetal, ta ce ba ta son kujerun fata da teburin gilashi irin na maƙwabtanta. Tana son abin da ta kira boho: a zauna a ƙasa, a rataya abu a ko'ina, kayan ƙasarsu su gauraya da na nan, komai ya zama tsoho ko ya yi kama da tsoho. Da Sadiƙa ta yi wa Inna bayani, tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce wato yanzu masu kuɗi ne ke neman tarkacen da aka jefar, to ta shiga sito ta kwashe musu duka, ɓeraye su rasa gida.

Ta kwashe faya-fayai, da ludaye, da tasoshin tagulla, da wani babban masaki da ke rataye a ragaya an rufe shi da faifai. Sai da ta kai gidan Indiyawan ta buɗe masakin ta ga yadi a ciki, a naɗe, yana ƙamshin jema. Ta yanka shi ta yi labulaye, ta ce wa Madam ai zaren kakarta ne. Yanzu ta gane. Gara ce ta shiga adaka, Inna ta yi abin da matan da ke yi, ta rataye kayanta a sama inda gara ba ta kai wa. Ta rataye, ta manta, kamar yadda ta riƙa manta sunayen jikokinta.

"Ku jira ni," in ji Sadiƙa.

Goggo ta ɗago ta kalle ta. Ta daɗe tana kallo.

"Ina kika kai shi?"

"Kada a fara sa mata komai sai na dawo."

Ta bi ta ƙofar baya don kada ta ratsa maza. A bakin titin Yelwa ta tsayar da ɗan moto, ta haye tun bai gama tsayawa ba. Ya kutsa tsakanin masu turin baro da wata babbar mota mai ɗauke da auduga, iska mai zafi na dukan fuskarta kamar an buɗe tanda. Ya yi ta ba ta labarin tsadar mai. Tana cewa "haka ne" a inda ya dace. Ta lura gashin ƙeyarsa ya fara furfura, ta lura takalminta na dama ba abokin na hagu ba ne. Ta yi ƙoƙarin tuno fuskar Inna, sai kofin kunu ke zuwa mata.

Maigadi ya san ta, ya buɗe ba tambaya. Ta tura ƙofar falo.

Komai na nan yadda ta tsara. Katifu a ƙasa da matasai masu ƙananan madubai da Madam ta zo da su daga ƙasarsu. Lilon katako a tsakiya, da sarƙoƙin tagulla. Faya-fayan Inna a jere a bango, manya da ƙanana. Masakin na rataye a ragayarsa, an dasa masa wata ciyawa mai zubo ganye har ƙasa. Labulaye na nan a tagogi da saman lilo, da tuntaye da duwatsun ado na katako da ita da kanta ta ɗinka a bakinsu.

Sai dai labulayen ba farare ba ne. Rawaya ne, rawaya mai ƙarfi irin ta ƙwaiduwar ƙwai. Rana na ratsa su, falon gaba ɗaya ya zama kamar cikin tukunyar miya.

Madam Hetal ta fito daga kicin da gari a hannu. Da Faransanci suke magana, nata a karye, na Sadiƙa na makaranta.

"Sadiƙa, da kin kira. Na san za ki yi fushi. Ki zauna in gaya miki, ba laifina ba ne."

"Wa ya rina?"

Madam ta nuna da haɓa. A kan lilon wata ƙaramar tsohuwa na zaune ta naɗe ƙafafu, tana tsince duwatsu daga cikin shinkafa a tire.

"Uwar mijina. Ta sauka makon jiya. Tana shigowa ta tsaya nan inda kike, ta ce ba za ta kwana ba. A wurinmu farin yadi irin wannan, saƙar hannu, babu ado, na gawa ne, ko na matar da mijinta ya mutu. Ta ce na rataya wa ɗanta mutuwa a taga. Na ce mata salo ne, ta ce in haka ne salo to a mayar da ita filin jirgi. Washegari ta sa aka sauke, ta dafa su da kurkum a babbar tukunya. Amma ki duba, ai ya fi kyau. Ko bai fi ba?"

"Ya yi kyau," in ji Sadiƙa. Kuma da gaske ya yi kyau. Ta ji bakinta ya ci gaba da magana da irin muryar da take ba tela awo. "Kakata ta rasu yau da safe. Wannan likkafaninta ne. Ban sani ba lokacin da na kawo. Za a binne ta in an yi azahar."

Madam ta kai hannu baki, gari ya shafe mata leɓe. Tsohuwar ta ce wani abu a taƙaice cikin yarensu. Madam ta fassara mata. Tsohuwar ta ajiye tiren. Ba ta yi alamar mamaki ba. Ta gyaɗa kai kawai, kamar wadda aka kawo wa labarin da ta riga kowa sani.

Sadiƙa ba ta jira izini ba. Ta ja kujera ta hau, ta zare labulen farko daga sandarsa, ta wuce da shi famfon da ke bayan kicin. Ta jiƙa kusurwa ɗaya, ta ɗauki sabulun wanki ta goga.

Kumfar ta yi ja. Ba ja-ja ba, ja sosai, ta bi yadin tana yaɗuwa, ta gangaro ta wuyan hannunta zuwa gwiwar hannu. Ta tsaya tana kallo. Ta sake gogawa, jan ya ƙaru.

Wani busasshen hannu ya kama nata. Tsohuwar ce, ta biyo ta ba takalmi. Ta karɓe sabulun ta jefar cikin bokiti, tana faɗa a hankali kamar mai yi wa jika faɗa. Ta miƙa ɗaya hannun baya, Madam ta sa mata rabin lemun tsami. Ta matse shi kan jan. Sadiƙa na gani jan ya ja baya, rawayar ta dawo.

"Ta ce kurkum da sabulu ba sa shiri," in ji Madam. "Ta ce ba zai fita yau ba. Rana ce ke cinye shi, a hankali, sai an yi ta shanyawa. Ina da javel, ruwan nan mai cire launi, in kina so, amma ta ce tsohon zare ne, zai ruɓe a hannunki."

"A bar shi."

Su uku suka sauke sauran. Tsohuwar ba ta bari ko gefe ya taɓa ƙasa ba. Ta share teburin cin abinci da bakin mayafinta, ta ninke kowane ƙyalle gida-gida, ta shiga ɗaki ta fito da wani sabon zane mai ruwan toka ta naɗe su ciki, ta ƙulle. Da ta miƙa wa Sadiƙa sai ta riƙe ƙullin na ɗan lokaci, ta yi tambaya, Madam ta fassara.

"Tana tambayar ko kakarki ce ta kaɗa zaren."

"Ita ce."

Tsohuwar ta murza yatsu biyu a iska, irin murzar mazari, ta faɗi kalma ɗaya.

"Ta ce hannu mai kyau."

Madam ta ce direba ya kai ta. Sadiƙa ta ce mota ba za ta ratsa kasuwa ba a wannan lokacin. Ta fita ta bar falon da tagogi tsirara, farar rana na zubowa kan matasai.

Da ta iso Yelwa an riga an shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, maza sun cika ƙofar gida. Wani ya ajiye moto ya toshe lungun baya, dole ta bi ta zaure. Baffa Aƙilu na zaune da farin alawayyo a cinya, sabo fil, tela na gefensa yana kammala ɗinki.

"Ke kuma daga ina? Uwar ubanki na kwance, kina yawon gidajen mutane?"

"Aike ne, Baffa."

"Mene ne wannan?"

Goggo Hadijatu ta leƙo daga soro kamar dama tana laɓe. "Kayan mata ne, Yaya. Ko za ka buɗe?"

Ya kawar da kai. Ya miƙa mata alawayyon. "Ga shi. Na gaji da jira."

A ɗaki an gama wanka. Malama Zahra, wadda ke koyar da matan unguwa karatu kuma ita ake kira in mace ta rasu, tana goge hannu. Goggo ta tura ƙofa ta sa sakata. Sadiƙa ta ajiye ƙullin kan gado ta kwance.

Rawayar ta bayyana. Ƙamshin kurkum ya tashi ya danne na turaren wuta. Wani dutsen katako ya ɓalle daga bakin labule, ya gangara ƙarƙashin gado.

"Innalillahi," in ji Goggo a hankali. Ta ɗaga gefe ɗaya da yatsu biyu, tuntaye na reto. "Wannan na gawa ne ko na ɗakin amarya?"

"Shi ne, Goggo."

"Na san shi ne. Na san zaren uwata." Ta shinshina. "Dafa shi aka yi?"

"An dafa."

"To Zamzam ɗin ya tafi kenan. Ya bi kwatar Indiyawa." Ta saki yadin. Ta juya ga Malama. "Malama, ki faɗa mini. Ni kaina ya tsaya."

Malama Zahra ta gyara tabarau, ta shafa yadin tun daga sama har ƙasa, ta duba ɗinkin, ta taɓa kusurwar da ke da danshi.

"Da me aka rina?"

"Kurkum," in ji Sadiƙa.

"Abin da ake ci ne, ba najasa ba. Fari aka fi so, wannan ba musu. Amma ba a ce in ba fari ba ne ba za a sa ba. Kuma ta yi wasiyya da shi." Ta dubi ƙofa. "Sai dai Aƙilu ba zai zauna ya ji wannan karatun yau ba. In ya ga rawaya ta fito daga ɗakin nan, a gaban limami da 'yan kasuwa, zai ce a kwance ta a sake. Ni kuma ba zan bari a yi ta jujjuya baiwar Allah ba."

"To yaya za a yi?"

"Mace ai ba ƙyalle ɗaya ake sa mata ba. Nata ya zauna a jikinta, nasa ya rufe daga waje. Yarinyar ma ta rage mana aikin yanka. Ku ba ni reza."

Suka zauna a ƙasa su uku, gawar na gefe, suna farke tuntaye. Sadiƙa ta yi ɗinkin da ƙarfi don kada iskar fanka ta tsinka, yanzu kowane ƙulli sai an yi fama da shi. Duwatsun katako na faɗuwa cikin kwano ɗaya bayan ɗaya. Daga waje ana jin mata na shigowa da sallati, wata na tambayar inda za ta ajiye tukunya.

"Har da ƙararrawa kika sa," in ji Goggo, ta ɗaga wata 'yar ƙaramar tagulla.

"Madam ce ta ce tana son ta ji ƙara in iska ta kaɗa."

"Da Inna ta tafi lahira tana kiɗa kamar akuyar Bororo."

Malama ta yi gyaran murya, amma kafaɗarta ta motsa. Goggo ta yi wata gajeriyar dariya da ta juye ta zama kuka, ta ci gaba da farkewa hawaye na ɗiga kan rawayar. Sadiƙa ta kalli ɗigon yana duhunta zaren. Ta jira nata. Ta ɗauki tuntu na gaba.

Ladan ya fara kiran salla suna kan ɗaura na ƙarshe. An sa wa Inna zanenta, da rigarta, da ɗankwalinta, duka rawaya, fuskarta ƙarama a tsakiya. Sannan suka naɗe ta da alawayyon Baffa, suka ƙulle kai da ƙugu da ƙafa. Sadiƙa ce a wajen ƙafar. Kusurwar da ta jiƙa ta fara ratsowa, tabo kamar girman kwabo. Ta nuna da ido. Malama ta jawo rarar yadin ta ninka a kai, ta sake ƙullewa.

Maza suka shigo da makara. Suka fita. Gidan ya cika da muryoyin mata, aka zaunar da Sadiƙa a tabarma, ana ya haƙuri, tana da godiya. Wata ta sa mata kofin ruwa a hannu, ta riƙe shi har ya yi ɗumi.

Bayan la'asar Baffa Aƙilu ya shigo cikin gida, jar ƙasa a gwiwoyin wandonsa. Shi ya shiga kabarin ya karɓe ta. Ya tsaya kan Goggo.

"Hadijatu, wane irin turare kuka sa mata? Ina kwantar da ita ina jin ƙamshin girki."

"Na Makka ne, Yaya. Tsohon ajiya."

Ya tsura mata ido. Ya kalli Sadiƙa. Ya shinshina tafin hannunsa, ya goge a riga.

"Allah ya jiƙanta," ya ce. "Yadin kantin ma ai ya rufe ta."

"Ya rufe ta," in ji Goggo.

Ya juya zai fita, sai ya ci karo da wata mata a bakin soro. Doguwa ce, da wando da tabarau baƙi, kanta ba ɗankwali, jakar fata a kafaɗa. Ba 'yar unguwa ba ce, ba kuma gaisuwa ta kawo ba, don murmushi take. Ta dubi tabarmi da taron mata, murmushin ya ɗan rage, amma ba ta koma ba.

"Ku gafarce ni," ta ce da Faransancin mutanen kudu. "Sunana Manuela, daga Duwala nake, ina buɗe otal a bakin Binuwai. An ce nan ne gidan mai gyaran gida, Sadiƙa."

"Muna cikin rasuwa, madam," in ji Baffa.

"Na gani, ku yi haƙuri, ba zan daɗe ba. Gobe da safe zan koma. Kai ne babanta? To kai ma za ka iya taimaka mini." Ta zaro waya, ta shafa, ta miƙa masa. "Wata Ba'indiya ce ta sa hoton falonta. Labulen nan mai ruwan rawaya nake so, irinsa sak, na kowane ɗaki. Ka ga abin da ta rubuta a ƙasa: saƙar hannu, zaren da kakar mai gyaran ta kaɗa da hannunta, an same shi a cikin masaki. Ina son in ga tsohuwar da kaina."

Baffa Aƙilu ya karɓi wayar. Ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Ya laluba aljihun gaba ya ciro tabarau, ya sa, ya buɗa hoton da yatsu biyu.

Sadiƙa ta ajiye kofin ruwan a ƙasa a hankali, don kada ya zube.